Dorinar Indiya da aka haifa a Amurka: jirgin yaƙin da ya fi ƙwarewa a kwaso masu gudu

A watan Yulin 1974 wani jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Trenton ya kwashi mutane kusan 300 daga tsibirin Saifurus, lokacin da Turkiyya ta shigo da sojoji tsibirin ya hargitse, ya kai su Beirut saboda a can ne ake zaman lafiya. Bayan shekara 32, a Yulin 2006, shi dai wannan jirgin, ya tsufa har ana shirin sallamarsa, ya zo bakin Beirut Isra'ila na ta ruwan bama-bamai, ya kwashi mutane ya kai su ina? Saifurus. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, masu gudun ne kawai suka juya. Tun ranar da na haɗa waɗannan shekarun biyu a kaina na ce a'a, jirgin nan sai an zauna an yi maganarsa, don tarihinsa yana nuna wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba game da irin waɗannan jiragen, wato an ƙera su ne don su kai sojoji su afka wa gaɓar abokan gaba, amma in ka bi aikin da suka yi a zahiri shekara da shekaru za ka ga yawanci kwaso mutane suke daga inda wuta ta tashi.

Bari mu fara da shi kansa jirgin, don in ba ka gane yadda cikinsa yake ba sauran labarin ba zai zauna maka ba. Matsalar da ake son warwarewa tsohuwa ce: kana da soja ɗari tara da motocinsu da tankokinsu da abincinsu a tsakiyar teku, kana son ka sauke su a ƙasar da ba za ta buɗe maka tashar jiragen ruwa ba, ko ma babu tashar kwata-kwata, to yaya za ka yi? Babban jirgi ba ya iya matsowa bakin gaɓa, zai kafe a yashi. Dabarar farko ita ce a yi jirgi mai shafaffen gindi wanda zai tafi kai tsaye ya ɗora ƙirjinsa a kan yashi ya buɗe baki motoci su fito, irinsa ne NNS Kada da sojojin ruwan Najeriya suka karɓo a 2022. Yana aiki, amma fa ka kawo jirginka gaba ɗaya gaban bindigar mutane. Dabara ta biyu ita ce ta su Trenton. Shi ba ya zuwa gaɓa ko kaɗan, yana tsayawa can nesa, a bayansa akwai wata ƙatuwar ƙofa, cikinsa kuma ta baya rami ne dogo kamar gareji. In lokacin aiki ya yi sai a buɗe wasu tankuna a cika su da ruwan teku da gangan, bayan jirgin ya nutse ƙasa kaɗan, a sauke ƙofar, ruwa ya shigo ya cika garejin nan ya zama kududdufi, ƙananan jiragen fito da ke ajiye a ciki su taso kan ruwa, a loda musu motoci da mutane su fita ta baya su nufi gaɓa. In sun dawo sun shiga sai a rufe ƙofa a zuƙe ruwan a fitar, jirgi ya ɗago, su kuma su zauna a busasshen wuri. Wato tashar jiragen ruwa ce sukutum take yawo a teku. A saman wannan garejin kuma fili ne na saukar helikwafta. To ka ga hanya biyu ke nan ta fitar da mutane, ta ruwa da ta sama, kuma duk hanyar da ta fitar da mutum ai za ta iya shigo da shi. Nan ne sirrin duk abin da zai biyo baya.

Tsawonsa wajen mita 173, ya fi filin ƙwallo ɗaya da rabi, nauyinsa in an cika shi dab da tan 17,000, gudunsa bai kai kilomita 40 a awa ba, ma'aikata wajen 400 ban da sojojin da yake ɗauka. Makamai kuwa ba wasu na a zo a gani ba, na kare kai ne kawai, shi ya sa ba ya tafiya wurin haɗari sai da rakiya. Sojojin da yake ɗauka su ne waɗanda ake kira marin, rundunar Amurka ta kundumbala da ke zuwa ta ruwa ta yi faɗa a tudu. Kamfanin Lockheed ne ya ƙera shi a birnin Seattle, an fara aikin a Agustan 1966, aka tura shi ruwa a 1968, bai shiga aiki ba sai 6 ga Maris 1971, lambarsa LPD-14, ɗaya daga cikin jirage 12 'yan gida ɗaya da ake kira ajin Austin. Sunan kuma na babban birnin jihar New Jersey ne.

Ko wata huɗu bai yi da fara aiki ba ya ci mutane. Ranar 28 ga Yunin 1971 ana gwaje-gwaje a Guantanamo ta ƙasar Kyuba, wani bawul na tururi ya fashe a ɗakin inji na biyu, mutum huɗu suka mutu nan take, biyu daga cikin waɗanda suka ƙone suka cika daga baya. Injinsa na tururi ne, tukwane biyu manya ake dafa ruwa a ciki har tururin ya yi ƙarfin juya farfela, kuma tururi mai irin wannan matsin ba irin na tukunyar dambu ba ne, in ya sami kafa a rufaffen ɗaki babu wanda zai tsira. Sannan a 17 ga Janairun 1977 a tashar Basalona ta Sifen, wani ƙaramin jirgin fito da ke dawo da ma'aikatan Trenton da na wani jirgin mai suna Guam daga yawon gari cikin dare ya yi karo da jirgin dakon kaya, ya kife, mutum 49 suka mutu. Ba yaƙi ba, ba komai ba, samari ne sun fita shan iska suna komawa makwanci. Ku riƙe wannan a rai don zai sake dawowa, mutanen da suka mutu a sanadin jirgin nan kusan dukansu ba abokin gaba ne ya kashe su ba.

Ya taɓa yaƙi? Ya taɓa, ba za a ce bai yi ba. A Oktoban 1983 yana cikin ayarin da ya kama hanyar Labanon aka juya da su zuwa Girinada, ɗan tsibirin nan na yankin Karibiyan da shugaban Amurka Reagan ya mamaye, suna gamawa suka wuce Beirut inda aka riga aka tarwatsa barikin marin da mota mai bam aka kashe sojan Amurka 241. Sai kuma 18 ga Afrilun 1988 a tekun Fasha, wannan ita ce ranar da ya fi kusa da abin da aka ƙera shi dominsa. Kwana huɗu kafin nan nakiyar ruwa ta Iran ta kusa raba jirgin Amurka Samuel B. Roberts gida biyu, Amurka ta ce sai ta rama, aka haɗa Trenton da wasu jiragen yaƙi biyu aka tura su kan dandalin haƙar mai na Sassan wanda Iran ta girke sojoji a kai. Aka yi musu gargaɗi ta rediyo su fice, aka buɗe wuta, sannan marin suka sauka a kan dandalin daga helikwafta suka kwashi abin da za su kwasa suka dasa nakiya suka tashe shi. A ranar Iran ta rasa jirginta Sahand da wani mai suna Joshan, Amurka kuma ta rasa helikwafta ɗaya ƙirar Cobra da matuƙa biyu, daga cikin waɗanda Trenton ya zo da su. To amma ka duba fa, dandalin mai ne, ba gaɓar ƙasa ba. Irin saukar nan da ake gani a hotunan yaƙin duniya na biyu, dubban sojoji suna fitowa daga ruwa ana harbinsu suna faɗuwa, Trenton bai taɓa yin ta ba ko sau ɗaya a shekara 36 da ya yi wa Amurka aiki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan saukar Inchon a Koriya a 1950 Amurka ba ta sake yin babbar sauka a gaɓar da aka shirya mata da gaske ba, saboda lissafin ya canza, nakiyar ruwa araha ce, makami mai linzami da ake harbawa daga tudu ya yawaita, jirgi guda kuma yana ɗauke da mutum sama da dubu, in aka same shi sau ɗaya asarar ba ta misaltuwa. Hujja mafi ƙarfi ita ce yaƙin Kuwaiti na 1991. An tara marin dubbai a jirage a tekun Fasha, Trenton na cikin ayarin, ana ta atisaye ana nuna wa 'yan jarida, Saddam ya tabbata ta ruwa za a shigo ya jibge runduna a bakin tekun Kuwaiti ya zuba nakiyoyi, ashe yaudara ce, ta hamada aka zagayo. Sojojin cikin jiragen aikinsu shi ne su zauna a gan su. Har jiragen Amurka biyu, Tripoli da Princeton, suka taka nakiya a rana ɗaya a watan Fabrairu, abin da ya ƙara nuna cewa da an gwada saukar da an sha wuya.

Amma ana cikin wannan jiran ne aka kira Trenton aikin da ni a ganina shi ne mafi girma a rayuwarsa, kuma ba a cika jin labarinsa ba saboda yaƙin Iraƙi ya danne shi. Ƙarshen Disambar 1990 'yan tawaye sun shigo Mogadishu babban birnin Somaliya, gwamnatin Siad Barre tana rushewa, sojoji sun zama 'yan fashi, gari ya zama kowa tasa ta fisshe shi. Jakadan Amurka James Bishop ya nemi a zo a kwashe su, jami'an wasu ƙasashen ma suka yi ta gudowa ofishinsa don neman mafaka. Da farko an so a aika jiragen sama su sauka a filin jirgin Mogadishu, aka ga ba zai yiwu ba, ko hanyar zuwa filin ma ba ta biyuwa. Sai aka ce wa Guam da Trenton, da ke can gaɓar Oman, su kama hanya ranar 2 ga Janairun 1991. Ka tuna gudunsu bai kai kilomita 40 a awa ba, tafiyar kwanaki ce, shi kuma jakada yana ta aiko saƙo cewa ana gab da haurowa katanga. Da aka ga ba za a iya jira jiragen su iso ba sai aka yanke shawarar da ko a atisaye ba a cika yin ta ba: manyan helikwafta biyu ƙirar CH-53 da Trenton ke ɗauke da su aka tura su kan Guam suka ɗauki mutum 60, marin da 'yan kundumbalan ruwa, suka tashi cikin dare ranar 5 ga wata daga nisan kilomita sama da 860. Sau biyu ana ba su mai a sama daga jirgin dakon mai, a ɗaya daga ciki bututu ya yi yoyo mai ya wanke sojojin da ke zaune, na'urar nuna hanya ta ƙi aiki, taswirar da ke hannunsu tsohuwa ce tun ta 1969 ga shi ofishin jakadancin ya riga ya tashi ya koma sabon wuri, sai da suka yi ta shawagi a kan gari suna nema. Suna isowa da sassafe suka tarar mutane sun kafa tsani a katanga, ƙarar helikwaftan ce ta watsa su.

Awa ɗaya suka yi a ƙasa suka tashi da mutum 61, kuma a cikin wannan rukunin farko har da jakadan Najeriya, tare da na Turkiyya da na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Sauran aka jira dare lokacin jiragen sun matso kusa, aka yi sawu huɗu, kowane sawu helikwafta biyar ƙirar CH-46, fitilu a kashe. Ana tsakiyar haka wani manjo na Somaliya ya zo da motoci cike da sojoji ya ce a dakata ko ya harbo jiragen, jakada Bishop ya ja shi da hira da ciniki, ya ba shi 'yan dubban daloli da makullan mota, har aka gama kwashe mutane, shi ya shiga sawun ƙarshe. Ko gama tashi ba su yi ba 'yan wasoso suka shiga ofishin. Jimilla mutum 281 daga ƙasashe wajen 30, Amurkawa 61 ne kawai a ciki, akwai jakadan Sudan da na Kenya da na Birtaniya, har da jakadan Tarayyar Sobiyet da mutanensa 38, abokan gabar jiya suna kwana a gadon sojan Amurka. Kafin a isa Maskat ta Oman ranar 11 ga wata wata mata ta haihu a cikin Guam, aka sauka da 282. Bayan kwana shida aka fara ruwan wuta a Bagadaza, labarin Mogadishu ya bi iska.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba na son a tsallake shi don yana min ciwo. Ma'aikatan ofishin 'yan Somaliya, direbobi da masu gadi da masu tafinta, waɗanda suka yi shekaru suna wa Amurkawan aiki kuma wasunsu suka tsaya tare da su har daren ƙarshe, ba a tafi da su ba. Dokar kwasar ta ce baƙi za a ɗauka. In ana yabon irin waɗannan jiragen ana cewa masu ceto ne, gaskiya ne, amma ceton yana da jerin sunaye, fasfo ne ke shigar da kai. Haka aka sake yi a Afrilun 1996 da Trenton da Guam suka zo suka tsaya a gaɓar Monrobiya ta Laberiya lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen Charles Taylor da na Roosevelt Johnson, an tsare ofishin jakadanci an fitar da baƙi, mutanen gari kuwa da sojojin ECOMOG, waɗanda yawancinsu 'yan Najeriya ne, su aka bari da wutar.

To bayan Labanon ta 2006, inda ya kwashi dubban mutane zuwa Saifurus da kuma Mersin ta Turkiyya, Amurka ta gama da shi, sababbin jirage ajin San Antonio sun fara fitowa. A nan Indiya ta shigo. Abin da ya tura ta shi ne igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disambar 2004, sojojin ruwan Indiya sun yi ƙoƙari sun kai agaji Siri Lanka da Maldibs da Indunusiya da tsibiransu na Andaman da Nikoba, amma suka ga iyakarsu, wurare da yawa ruwa ya cinye tashar babu inda jirgi zai jingina, abin da ake buƙata shi ne jirgin da zai tsaya nesa ya aika kaya ta fito da ta sama, su kuma ba su da irinsa. Aka yi ciniki a kan dala miliyan 48 da 'yan kai, da ƙarin helikwafta shida ƙirar Sea King a kan wajen dala miliyan 39. Ranar 17 ga Janairun 2007 aka sauke tutar Amurka, shekara 30 cif da haɗarin Basalona, sannan a 22 ga Yuni aka ɗaga ta Indiya a tashar Norfolk ta Amurka aka raɗa masa suna Jalashwa. Kalmar daga harshen Sanskrit ce, dokin ruwa, wato dorina. Sunan ya dace wallahi, dabbar da ke kwana a ruwa ta fito tudu ta yi kiwo, mu namu Kada su nasu Dorina, kowa dai dabbar bakin kogi ya nema. A lokacin shi ne jirgi na biyu a girma a rundunar ruwan Indiya, bayan mai ɗaukar jiragen sama Viraat, kuma shi ne jirgin yaƙi na farko da Indiya ta taɓa saya daga Amurka. Wani abin dariya, a shekarar da Trenton ya fara aiki, 1971, Amurka ta tura babban jirginta Enterprise tekun Bengal don ta tsorata Indiya lokacin yaƙinta da Pakistan, yau ga jirgin Amurka an girke shi a Visakhapatnam a bakin wannan tekun yana sara wa tutar Indiya.

An yi cacar baki sosai a kan cinikin nan kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Ofishin babban mai binciken kuɗi na Indiya ya fitar da rahoto a 2008 ya ce an yi gaggawa, ba a duba lafiyar jirgin yadda ya kamata ba kafin a biya, jirgin ya riga ya cinye yawancin shekarunsa, sannan abin da ya fi tayar da ƙura, yarjejeniyar ta taƙaita amfani da shi wajen kai hari kuma ta ba Amurka damar zuwa ta duba kayan da ta sayar. 'Yan adawa a majalisa, musamman 'yan gurguzu, suka ce yaya za ka sayi doki da kuɗinka a ce ba za ka yi sukuwa da shi ba, kuma mai dokin zai riƙa leƙo bargarka. Kafin ma rahoton ya fito abin da ake tsoro ya riga ya faru, ranar 1 ga Fabrairun 2008 ana atisaye a tekun Bengal iskar guba ta taru a wani ɗaki, mutum biyar suka mutu, wani jami'in ya cika bayan kwanaki. Iskar nan ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga ruɓewar ƙazanta, irin wadda ke kashe masu yasar masai da sokawe, in ta yi yawa hanci ma daina jin warin yake, mutum ya shiga ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Jirgin da ke ɗaukar mutum sama da dubu yana da tankunan bahaya da bututai masu tsawon gaske, in sun tsufa ga abin da ke biyo baya. Tururi a 1971, karo a 1977, iskar masai a 2008.

Ni dai in aka tambaye ni, masu sukar sun yi gaskiya a kan tsufa, araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mu ma nan mun san wannan ciniki, NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne na shekarun 1960 aka miƙo mana, kuɗin karɓa kaɗan ne, kuɗin riƙewa shi ne aikin. Amma maganar hana kai hari, a nan ina ganin an yi ta faɗa ne a kan abin da ba shi ne amfanin jirgin ba tun asali. Amurka da kanta, mai shi, shekara 36 ba ta afka wa wata gaɓa mai tsaro da shi ba, to Indiya wace gaɓar za ta afka wa da jirgi guda ɗaya tal mai gudun keke? Abin da Indiya ta saya a gaskiya abu biyu ne. Na ɗaya makaranta, sabon jirgi irin wannan ya haura dala biliyan ɗaya nesa ba kusa ba, da kuɗin da bai kai kashi biyar cikin ɗari na wannan ba ta sami inda sojojinta za su koyi nutsar da bayan jirgi da sarrafa fito a cikin rami da tashin helikwafta da yawa a lokaci guda, abubuwan da ba a koyonsu a takarda. Na biyu ƙofa, ƙasar da ta saba sayen makamanta daga Rasha, wadda Amurka ta ƙaƙaba wa takunkumi bayan gwajin nukiliyar 1998, ta gwada ciniki da Amurka da ƙaramin abu tukuna. Rigimar zuwa duba kaya ita ce aka zauna aka daidaita a 2009, bayan nan jiragen sama na biliyoyin daloli suka fara isowa, C-130J da C-17 da P-8. Tsohon jirgin shi aka fara taka ruwan da shi a ga zurfinsa.

Aikin da ya yi wa Indiya kuwa, sak irin wanda ya saba. A Fabrairun 2011 aka tura shi Libiya tare da jirgin yaƙi Mysore lokacin da ake kwaso Indiyawa wajen 18,000 da rikicin Gaddafi ya rutsa da su, kodayake kafin ya gama doguwar tafiyar jiragen sama da jiragen ruwan haya sun kwashe mafi yawa, wanda shi ma darasi ne, dorina ba ta da sauri, in ba ta kusa lokacin da abu ya faru to sai dai ta tarar da saura. Lokacin korona ne ya yi aikin da ya fanshi kuɗinsa. A Mayun 2020 an rufe filayen jiragen sama ko'ina, ma'aikata 'yan Indiya sun maƙale a ƙasashen waje ba aiki ba kuɗi, Jalashwa ya je Male babban birnin Maldibs ya ɗauko mutum 698 ya sauke su a Kochi ta Indiya ranar 10 ga wata, cikinsu da mata masu juna biyu da yara, ya koma ya sake ɗaukowa, ya je Kolombo, haka ya yi ta sawu. Ɗakunan da aka yi don marin 900 su kwana kafin su fita faɗa, da kicin ɗin da aka yi don ciyar da su, da ɗakin tiyata da gadajen jinya da aka tanada don waɗanda za a harba, duk sai suka dace da leburori da masu aikin otal da ke son komawa gida. Shi da wasu jirage uku suka dawo da mutum 3,992 a wannan aikin.

Sawun da ya fi tsaya min a rai shi ne na ƙarshen Yunin 2020. Jalashwa ya shiga tashar Bandar Abbas ta Iran, hedikwatar sojojin ruwan ƙasar, garin da jirgin Sahand ya fito daga cikinsa ranar 18 ga Afrilun 1988 bai koma ba. Wancan karon, da sunan Trenton, yana cikin ayarin da ya zo rusa musu dandalin mai, wannan karon jami'an Iran ne suka ba shi wurin jingina, ya ɗauki Indiyawa 687 yawancinsu masunta daga kudancin ƙasar, ya sauke su a Tuticorin ranar 1 ga Yuli. Ƙarfen dai shi ne, tukwanen tururin su ne, lambar jikinsa ce kawai ta koma L41.

A Maris na 2021 ya kai tan 1,000 na shinkafa kudancin Madagaska inda fari ya jefa mutane cikin yunwa, bayan wata biyu korona ta turnuƙe Indiya kanta asibitoci suka rasa iskar numfashi, aka tura shi Burunai da Singafo ya ɗauko tankuna da tukwanen iskar. Indiya ta daɗe tana son ta ƙera sababbi guda huɗu irinsa a gida, an buɗe neman 'yan kwangila an yi ta jan ƙafa shekaru har aka soke a 2020, aka sake fara neman bayanai daga kamfanoni a 2021. A can Amurka kuwa 'yan gidansu duk an sallame su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe shi ne autansu Ponce da aka ajiye a 2017, cikin su 12 ɗin Dorina kaɗai ta rage a bakin aiki.